Fuskar Baba a Fangalin Albasa

Baba bai taɓa yarda an ɗauke shi hoto ba. Ba cewa yake haramun ne ba, cewa yake shi ba shi da lokacin tsayawa ƙiƙam kamar turke don wani ya haska masa fitila a ido. Da Allah ya yi masa rasuwa farkon damina muka zazzage akwatinsa, abin da kawai muka samu mai kamanninsa shi ne wani tsohon katin shaida da gumi ya cinye. Fuskar ta zama baƙin tabo, hular kaɗai ake iya ganewa. A lokacin ban ɗauki abin da zafi ba, ina ganin ai mutum ba ya buƙatar takarda kafin ya tuna wanda ya haife shi.

Ina koyarwa a wata firamare a Ɗambatta, can nake aure. Da aka ba da dogon hutu na tattaro kayana na taho ƙauyenmu, kusa da dam ɗin Watari, don in zauna da Inna. Takaba take yi, wata huɗu da kwana goma, ba kwalli, ba turare, ko zaure ba ta takawa. Mu biyu ne muka rayu cikin waɗanda ta haifa, ni da Yaya da ke sana'a a Kano. Gidan da Baba ke cikawa da gyaran murya da faɗan an bar masa fartanya a ruwa ya yi tsit, har kajin ma kamar sun rage surutu.

Wata rana da hantsi muna tsakar gida, tana tsinke zogale ina wanke-wanke, sai ta ce, ba tare da ta ɗago kai ba:

"Ni fa fuskar mahaifinku ta fara ɓace mini."

Na tsaya da kwano a hannu.

"In na rufe ido ina ganin hularsa. Ina ganin tafiyarsa, da kafaɗar nan da ɗaukar buhu ya karkatar. Amma fuskar ba ta zuwa. Ko wata uku bai yi ba fa."

Ni da aka sani da baki, wadda Baba ke cewa ko a masallaci aka ajiye ni sai na sami wanda zan yi wa gardama, ranar wanke-wankena kawai na ci gaba da yi. Tausayinta ya kama ni, tsoro ma ya kama ni, don da na gwada a raina sai na ga ni ma sai na yi da gaske kafin fuskar ta zo.

Saura kwana tara hutu ya ƙare Yaya ya turo mini saƙo. Ashe a ranin bara waccan wasu samari masu yawo suna ɗaukar bidiyon manoma sun je Watari, sun tarar da Baba a fangalinsa na noman rani yana dashen albasa, suka lallaɓe shi ya yi musu bayani, suka ɗora a intanet. Wani abokin Yaya ne ya ci karo da bidiyon. Baba bai taɓa faɗa wa kowa ba, kuma na san dalili. Mutumin da ya yi shekara saba'in yana gudun hoto ba zai shigo gida ya ce yau an kama shi ba.

Kuskuren da na yi, wanda har yau nake jin haushin kaina a kai, shi ne na gaya wa Inna kafin in gwada. Da gudu na faɗa ɗakinta ina cewa, "Inna, an samu Baba a waya!" Ta dafe ƙirji tana salati, sai da na zauna na yi mata bayani dalla-dalla. Sannan ta goge hannu da gefen zani, ta gyara zama ta ce, "To, nuna mini."

Na taɓa linkin da Yaya ya turo. Fuskar wayar ta yi baƙi, wani ɗan farin zobe ya fito a tsakiya yana juyawa. Muka zuba masa ido. Can Inna ta ce, "Shi ne wannan?" Na ce a'a, yana zuwa ne. Har tukunyar da ke kan murhu ta tafasa ta zubo ta kashe wutar, zoben bai daina juyawa ba.

Na yi kwas na kwamfuta na wata uku, kuma a makarantarmu ni ake kira in injin buga takarda ya ƙi aiki. Saboda haka na ce wa Inna ta kwantar da hankalinta, ƙaramin abu ne. Na duba data, akwai, amma na ƙara saya don kada in yi wa kaina ƙarya. Na kashe wayar na kunna. Na danna alamar jirgin sama, na ƙirga ashirin, na cire. Na zare layin na goge shi da mayafina na mayar, abin da na san ba ya maganin komai amma kowa na yi. Sai daga baya na kalli saman wayar na ga ainihin matsalar: sandar sabis ɗaya ce tak, ita ma tana zuwa tana tafiya. Gidanmu a kwari yake. Kira yana shiga, saƙo yana shiga, bidiyo kuwa ya fi ƙarfin abin da ke iso mana.

Na zagaye tsakar gidan da waya a sama. Na taka turmi. Na jingina tsani a jikin rumbu na hau. Maƙwabciyarmu ta leƙo ta katanga ta ce, "Malama, wata kike nema da rana tsaka?" Ban kula ta ba. A saman tsanin sanda ta zama biyu, bidiyon ya motsa, na ga sararin sama da kan wata bishiya, sai ya sake cijewa. Ko da ya yi ma, ba zan ɗora Inna a kan tsani ba.

Washegari na tuna ana iya rage ingancin hoto don bidiyo ya yi sauƙi. Na shiga saitin na zaɓi mafi ƙanƙanta. A bakin madafi, inda sanda ɗayar ke ɗan daɗewa, ya fara tafiya yana tsayawa. Na kira Inna. Saurayin da ya ɗauki bidiyon ya yi ta surutunsa na gabatarwa, yana juya na'urar zuwa ga Baba kuma abin ya sake tsayawa, kafin ma Baba ya buɗe baki. Abin da ya rage a gilashin wani mutum ne dabbare-dabbare, kamar an shafa taɓo a madubi. Inna ta karɓa, ta kawo kusa da ido, ta nisantar, ta sake kawowa.

"Wannan ai kowa ma zai iya zama," in ji ta.

Ta miƙo mini wayar ta koma ɗaki. Ranar ba ta ci abincin rana ba.

A rana ta uku na saka hijabi na nufi tudun da ke hanyar dam, inda mazan garin ke zuwa in suna da kiran da ba sa so ya yanke. Gero ya fi ni tsawo, hanyar duk raɓa. A gindin wata ɗorawa na tsaya, na ga sanduna sun cika. Na mayar da ingancin hoton sama na danna.

Ga Baba nan. Tsohuwar shuɗiyar rigarsa ce a jikinsa, wadda Inna ta sha ɓoyewa yana nemowa, ya naɗe wando zuwa gwiwa, ƙafafunsa cikin taɓo. Yana bayanin cewa irin albasa ba a binne wuyansa, kuma da yamma ake dashe don kada rana ta dafa shi kafin ya kama. A tsakiyar bayanin ya katse ya daka wa wani tsawa ya sauka daga bakin fangali kafin ya ɓarke masa ruwa. Na zauna a ƙasa na yi kukan da ban yi ba ranar jana'iza. Da na gama kuma sai kunya ta rufe ni, don ni na gani, wadda ta fi ni buƙata tana can kwari.

Na ce bari in sauke shi a wayar in kai mata. Wayar ta ce babu wuri. Na goge hotunan bikin ƙanwar mijina, na goge na ɗalibaina da na jarabawar da ta wuce, na sake gwadawa. Ya fara sauka, ya yi nisa, saura ƙiris ya cika sai sabis ya yi ƙasa, komai ya koma farko. Sau uku haka ta faru, har batir ya mutu a hannuna.

Ina shiga gida Inna ta dube ni, ta ga idona.

"Kin gan shi?"

Da zan iya ƙarya da na yi. Na ce, "Na gan shi."

"Yana nan yadda yake?"

"Yana nan, Inna. Har faɗa yake yi."

Ta yi murmushi, karo na farko tun zuwana, sannan ta juya ta ci gaba da jan carbinta.

Kwana biyu ina kai waya caji wurin mai sola, ina komawa tudu, ina dawowa hannu biyu. Ganin kwanaki na tafiya na ce to Inna ta zo mu je tudun tare. Na aika aka kira Baffa, ƙanin Baba, wanda shi ke karantar da manya a zauren unguwarmu. Ya zauna a bakin ƙofa, Inna na ciki bayan labule, na zayyana masa komai. Ya ce mai takaba tana iya fita da rana in akwai lalura, muddin za ta dawo ta kwana a ɗakinta.

Inna ta ce, "Malam, kallo lalura ne?"

Baffa ya daɗe yana shafa gemu. Ya ce, "Ke za ki fi kowa sanin nauyin abin a zuciyarki."

"Shekara arba'in da 'yan kai ban taɓa fita gidan nan bai sani ba," in ji ta. "Ba zan fara yanzu ba, wai don in je in gan shi."

Nan fa halina ya motsa. Na ce haba Inna, tafiyar da ba ta kai zuwa rijiya sau biyu ba, ga malami ya ba da dama, me kuma ake so? Na ce wahalar da nake sha ba ta gani ne? Baffa ya kira ni da sunan da Baba ke kirana, ya ce in yi shiru. Bayan ya tafi na shiga na durƙusa na ba ta haƙuri. Ta ce ba komai, ai ba yau ta san bakina ba.

Saura kwana uku na shiga motar kasuwa zuwa Ɗambatta. Akwai wani mai gyaran waya da na sani a can, dattijo mai tabarau da aka ɗaure ƙafarsa ɗaya da zare, yana da kwamfuta a rumfarsa. Na ba shi labari a taƙaice. Ya yi wa Baba addu'a, ya kori masu jiran a tura musu waƙoƙi gefe, ya buɗe linkin. A kwamfutar ma da farko ƙi ya yi, wani rubutu ya fito wai an sami matsala. Na zata an cire bidiyon. Ya ce in kwantar da hankali, tarkace ne burauza, wato manhajar shiga intanet, ta tara. Ya share su, ya sabunta ta, ya sake buɗewa, sai ga shi yana tafiya sumul.

"Malama, bidiyon intanet kamar ban ruwa yake," in ji shi. "In ruwan da ke shigowa bai kai wanda fangali ke sha ba, dole a tsaya jira. Ku a kwari kuke, sai dai a ɗebo a kai muku."

Ya tambaye ni wane girma zai sauke. Na ce mafi kyau, wanda za a ga kowane gashin gemu. Ya karɓi wayata ya jujjuya ta ya ce ta kwana biyu, ba lalle ta iya ɗaukar wannan ba, gara matsakaici. Na ce ni dai mafi kyau nake so, na gaji da ganin Baba dishi-dishi. Ya ɗaga kafaɗa ya sauke, ya zuba a memori, ya saka mini. Hadari ya haɗu, motar garinmu ta kusa cika, na fita da sauri ban gwada a wayar ba. Kuskuren ranar farko na sake maimaitawa.

Da la'asar na iso, jikina duk ya jiƙe. Ko hijabin ban cire ba na zauna gaban Inna na danna. Wannan karon babu zobe. Gilashin dai baƙi ƙirin, amma sauti ya fito. Saurayin ya gama gabatarwarsa, aka ji gyaran murya, sai muryar Baba ta cika ɗakin:

"Assalamu alaikum."

"Wa alaikumus salam," in ji Inna, ta ja mayafinta ta rufe kai.

Ban iya taɓa wayar ba, muka zauna muka saurari bayanin dashen albasa har ƙarshe, da tsawar da ya daka, da dariyar samarin. Da ya ƙare, ƙarar ruwa a kan kwanon rufi kawai ake ji. Na ce a raina ko wannan ma ya isa.

Inna ta share ido da bakin mayafi ta ce, "Muryar ai ban manta ta ba."

Na fita bakin madafi na kira mai gyaran. Bai ce ai na gaya miki ba, ko da yake na cancanci ya faɗa. Ya ce manhajar kallon da ke wayata ce ba ta san irin wannan bidiyon ba, tana iya karanta sautin amma hoton ya gagare ta. Ya faɗa mini sunan wata manhajar, ya maimaita harafi bayan harafi ina rubutawa da gawayi a jikin bango. Ya ce ba ta da nauyi, tudun zai iya sauke ta.

Washegari da sassafe na koma gindin ɗorawar. Manhajar ta sauka a karo na biyu. Na buɗe bidiyon da ita, hoto ya fito tar, ya fi ma na ranar da na fara gani. Wannan karon ban yarda da kaina ba. Na kashe data, na kalla daga farko har ƙarshe. Na gangaro kwari na tsaya a bayan katangarmu na sake kalla. Sannan na kai wayar caji, na zauna a gurin har ta cika.

Bayan azahar na ce wa Inna ya yi. Ta ce in jira ta. Ta yi wanka, ta sauya zani, wani fari mara ado, ta shimfiɗa tabarma a bakin ƙofar ɗaki inda haske ke shigowa. Na kifa kwano na jingina wayar a jikinsa, daidai gabanta, na danna.

Saurayin ya yi surutunsa, na'urar ta juya, Baba ya bayyana. Yana tsaye, idonsa ƙur a cikin na'urar, kamar mai shirin tambayar wanda ya aiko su. Na juya don in ga fuskar Inna, sai na tarar ta sunkuyar da kai, idonta na kan tabarma.

Na ce ko hawaye ne, bari in ba ta lokaci. Minti ɗaya ya wuce, biyu suka wuce, Baba na ta bayani, ba ta ɗago ba. Bidiyon ya kusa ƙarewa. Kwana takwas na hawa tsani da taka raɓa da dukan ruwa suka taso mini gaba ɗaya.

"Inna, ki duba mana! Ga shi nan fa! Gobe zan tafi!"

Ta ce, a hankali, har sai da na matso kafin na ji, "Kallona yake yi."

Na dubi wayar, na dube ta.

"Tun da aka kawo ni gidan nan ban taɓa haɗa ido da shi ba," in ji ta. "In yana magana ƙasa nake kallo. Haka na tarar iyayena na yi. Sai in ya juya yana wani aiki, ko yana alwala, nake satar kallonsa."

Ni da na tashi ina kallon Baba cikin ido ina yi masa musu, ban taɓa lura ba. A gabana aka yi zaman nan duka, ban gani ba, kuma yanzu ma na zo ina yi mata ihu. Na ji kunyar kaina ƙwarai.

Na ɗauki wayar na ja bidiyon baya da yatsa. Na san wurin, na kalle shi ya fi a ƙirga. Akwai inda Baba ya durƙusa yana danna ƙasa a gindin iri da babban yatsansa, sai wani ya yi masa magana daga gefe, ya ɗago ya juya can, bakinsa ya fara dariya. Hasken yamma na kan kuncinsa, ana ganin furfurar gemu da tsagar da ke gefen idonsa. A daidai nan na tsayar.

"Inna, ya juya," na ce.

Ta ɗago a hankali. Ta miƙo hannu biyu ta karɓi wayar. Ta daɗe tana kallo, ba ta ko ƙifta ido. Hasken gilashin ya fara dushewa, na miƙa yatsa na taɓa gefe ya dawo. Ya sake dushewa na sake taɓawa. A na uku na karɓa na saita shi kada ya mutu, na mayar mata.

"Ashe ya tsufa haka," in ji ta. Ta kai yatsa kusa da gemun, ba ta taɓa ba.

Na tambaye ta ko in kunna ya ci gaba.

"A'a. Bar shi haka, bai san ina kallo ba."

Na tashi na fita tsakar gida, na ba su wuri.